Toka a Ƙarƙashin Mota

Saniya gare ni, ja ce mai farin goshi. Ba saye na yi ba. Ranar da aka ɗauko ni daga Lugu aka kawo ni gidan miji a Matankari, uwata ta sa aka koro wata karsana bayan kayana. Karsanar ta haihu, ɗiyarta ta haihu, ana nan ana nan, fari ya ci wasu, biki ya ci wasu, ciwon maigidana ya ci biyu kafin Allah ya karɓi abinsa, har aka sauko kan wannan jar da 'yar maraƙarta. Suna hannun wani Bafillace can wajen Sukukutane, shi ke kiwon su tun zamanin ubansa. Duk abin da uwata ta taɓa da hannunta a duniyar nan ya ƙare, tukunya ta fashe, zane ya mutu, saura jinin saniyar nan.

To, autana ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi, siminti da kwanon rufi yake sayarwa. Wata rana bayan an gama girbi ya zo ya zauna bakin tabarmata, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi in akwai magana a bayanta. Ya ce mota yake so ya saya wa gida. Ya tuna mini yadda aka kai matarsa likita a amalanke tana naƙuda, ya tuna mini gwiwoyina da yadda nake shan wuya in za ni ganin dangi. Maganarsa gaskiya ce, ban musa ba. Sai ya sunkuyar da kai ya ce abin da ya tara bai kai ba, saniyata ce za ta cika.

Na watsa wa kaji dussa. Sannan na ce masa: "Auta, kawo motar in gan ta. Amma saniya ba ta barin turke sai motar nan ta kwana gidana."

Ya yi dariya ya ce: "Inna, mota ce fa, ba amarya ba."

Na ce: "Ta kwana."

Ranar Laraba da la'asar suka iso. Fara ce, doguwa, an wanke ta har tana ƙyalli, an fesa mata turare a ciki. Su uku suka fito: autana, da abokinsa, da dillali. Abokin nan tare suke sallah a masallacinsu na can Dutsi, yaro ne mai ɗan gemu, wandonsa bai kai idon sawu ba, kuma ban taɓa jin ya yi wa kowa ƙarya ba, wannan na shaida masa. Dillalin kuwa gajere ne mai tumbi, bakinsa ja wur da goro, makullai a yatsa yana kaɗa su.

"Hajiya, barka da gida!" in ji shi. "Kin yi mota, Hajiya!"

Na ce: "Ban je Makka ba, kada ka ɗora mini abin da ban ɗauka ba."

Ya ce: "To ai ga motar da za ta kai ki."

Maƙwabta suka taru. Dillali ya buɗe bakin motar yana nuna wa maza cikinta. Ya ce daga Kotonu ta fito, wani ma'aikacin gwamnati ne ya riƙe ta, daga gida sai biro wurin aikinsa, daga biro sai gida, ba ta san yashi ba. Ya fiddo takardun duwan, wato kwastan, yana kaɗawa. Autana ya ce mini bakanike ya riga ya duba ta a Dutsi, ya saurari injin, ya ce lafiya lau. Na tambaye shi wa ya kai shi wurin bakaniken. Ya nuna dillali. Na kai hannu na dafa bakin motar, na ji shi da zafi kamar murhu. Dabbar da ta sha tafiya jininta ya ɗumama, ko gurguwa ce sai ta taka maka da kyau.

Bari in faɗi yadda ubana yake sayen dabba, don a gane abin da na yi niyya. Ubana bai taɓa biyan sa ko jaki a tsakiyar kasuwa ba. Yakan ce a kawo masa gida ya kwana. Da yamma sai ya share inda zai ɗaure shi tas, ya sa mu tankaɗe toka da rariya, ya shimfiɗa ta fara fes a ƙasa, sannan a ɗaure dabbar a kai. Da safe, kafin kowa ya taka wurin, sai ya je ya tsuguna. Tokar nan za ta gaya masa komai: kashin mai ruwa ne ko mai tauri, fitsarin da jini ko babu, dabbar ta kwanta ta huta ko tsaye ta kwana tana buga ƙafa, wace ƙafa take ja. Sannan ya tsaya ya ga tashinta na farko cikin sanyi, kafin a ba ta ruwa, kafin a kaɗa ta. Kuma akwai doka guda da ya kafa mana tun muna yara: mai sayarwa ba ya sanin abin da kake dubawa. In ya sani, zai riga ka zuwa wurin.

Ni ban san cikin mota ba. Amma na san tana shan mai, tana shan ruwa, kuma na sha ganin baƙin tabo a tasha inda motoci suka tsaya. Abin da ke sha yana zubarwa. Ƙasar gidana yashi ce, tana shanye komai ta rufe baki. Toka ba ta rufewa.

Da rana ta yi sanyi na ce a ja motar gefe. Na ɗauko tsintsiya na share gindin bishiyar bedi, da gwiwoyin nan nawa. Na kwaso tokar murhu cikin ƙwarya, na zauna na tankaɗe ta, na fara barbaɗawa daidai tsawon motar, ina bismillah a bakina kamar yadda nake yi a kowane aiki. Na kai rabi ke nan sai na ji abokin autana ya ce da ƙarfi:

"Subhanallahi! Inna, mi kike yi haka?"

Na ce: "Aikina nake yi, ɗana."

Ya juya wajen autana, bai rage murya ba. "Ka ga abin da nake gaya maka ko? Toka, da yamma, ana magana a kanta. Wanga ba aikin Musulmi ba ne. Shirka ce a fili. Kai za ka shiga motar da aka ɗaure wa iska?"

Kowa ya san daga Lugu na fito, garin bori da tsafi. Kowa ya san uwata 'yar bori ce, godiyar aljana doguwa, ana buga mata goge tana faɗuwa. Ban taɓa ɓoyewa ba, uwata ce, ita ta goya ni. Amma ni tun kafin a haifi uban yaron nan nake sa goshina ƙasa sau biyar.

Na ɗaga kai na dubi autana. Jira nake ya ce wa abokinsa: wannan uwata ce, bari in tambaye ta. Kalma guda ce. Da ya ja ni bayan rumbu ya ce Inna mi ke nan, da na raɗa masa a kunne. Dillali na tsaye taku uku daga gare ni, ya daina kaɗa makullai, ya kafa kunne. In na buɗe baki a nan, aikin ya mutu.

Autana bai tambaye ni ba. Ya zo ya zare tsintsiyar daga gefena. Ya ce: "Inna, ba a gidan nan ba. Mun bar wannan. Ki ji tsoron Allah." Ya share tokar. A gaban maƙwabta, a gaban matan da muke daka tare, a gaban dillalin da ban san daga inda ya fito ba, ɗan da na yi wa goyo shekara biyu ya share aikina yana gaya mini in ji tsoron Allah. Ƙurar tokar ta tashi ta sauka a kan zanena da fuskata. Dillali ya yi 'yar dariya ya ce: "Maigida, a bar tsohuwa, ai motata ko aljani ya gan ta sai ya yi sha'awa."

Ni na koya masa Fatiha. Ban san baƙi ba, ban taɓa riƙe allo ba, amma da bakina na zuba masa ita yana bisa cinyata, kafin ya san hanyar makaranta. Har yau in na tuna tsintsiyar nan a hannunsa, sai in ture kwanon tuwo.

Na tashi na shiga ɗaki. Ban yi kuka ba. Motar ta kwana a gindin bedi, a kan yashi tsirara.

Da asuba ina kan tabarmar sallah, ban ko shafa addu'a ba, sai na ji injin ya tashi. Dillali ne. A zauren maƙwabci ya kwana, ya riga kowa fitowa. Ban ga tashinta na farko ba. Na dai ji ta yi tari sau uku kafin ta kama, amma ji daban, gani daban. Kafin in lallaɓa in fito har ya ja ta gaba, yana tsaye daidai inda ta kwana, yana share ƙasa da takalminsa kamar mai neman kwabo.

Na ce: "Matsa."

Ya ce: "Hajiya, ina kwana?"

Na ce: "Matsa, na ce."

Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na tura hannu cikin yashin. Na tono danshi. Na ɗebo na murza, yatsuna suka yi baƙi, na sunsuna, warin mai. Ko cikin cokali ne ya zuba, ko cikin ƙwarya, ko daga gaba, ko daga tsakiya, yashi ya shanye, takalmi ya gauraya. Na kira autana, na buɗe masa tafin hannuna.

"Ga abin da tokar za ta nuna mana. Yawansa, da inda ya fito, da ko akwai ruwa tare da shi. Da mun kai wa wani bakanike wanda bai ci goron mutumin nan ba, mu ce ga abin da ta zubar a dare guda. Haka kakanka yake sayen jaki. Wannan ita ce shirkar uwarka."

Ya tsaya yana kallon hannuna. Abokinsa na bayansa, ya sunkuyar da kai. Can autana ya ce: "To Inna, don mi ba ki faɗa ba?"

"A gaban mai kaya? Kai da kake kasuwa? Kai don mi ba ka tambaya ba? Ka ji ta bakin abokinka, ka ji ta bakin dillali, ka ji ta bakin bakaniken dillali. Ni da za a sayar da saniyata, ni ce ba a tambaya."

Dillali ya shiga tsakani. Ya ce babu motar da ba ta ɗiga, ko sabuwa fil, ya rantse da abincin da zai ci. Ya ce akwai wani alhaji a Birnin Konni da ke jiran motar nan, shi dai don mutunci ya kawo ta nan. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa game da ɗigar. Ban sani ba. Abin da ya ƙone ni ke nan: an hana ni sani.

Abokin autana ya matso ya durƙusa ya ce: "Inna, ki yafe mini, na yi gaggawa." Na ce na yafe. Shi baƙo ne, abin da ya gani ya faɗa. Autana bai nemi yafiya ba. Ya dai tsaya yana murza hularsa.

Sai na ce: "To. An ɓata mini gwaji guda, saura guda. Mota ba don kwalta kake sayen ta ba. Danginmu ba a bakin kwalta suke ba. A loda mata buhun hatsi uku, mu huɗun nan mu shiga, da maƙwabciyata, ta kai mu rugar da saniyar take. In ta kai mu da ƙafarta, ba a tura ta ba, saniya taku ce. In ta tsaya, a mai da ta inda ta fito."

Dillali ya ce yashin Sukukutane ko motar soja tana jin sa. Na ce ai ba soja zai saya ba, mu ne, kuma can za mu riƙa zuwa. Ya dubi autana, autana ya dubi ƙasa. Aka loda hatsi.

Maƙwabciyata mace ce mai jiki, shi ya sa na zaɓe ta. Ni na zauna gaba, kusa da dillali, don in ga fuskarsa. Mota ban san ta ba, amma fuskar mutum na san ta. Muka bar gari, muka shiga tsakanin gonaki, karan hatsi a tsaye an yanke musu kai. Inda ƙasa ke da tauri ta tafi sumul. Da muka shiga yashi mai zurfi ta fara gurnani, tana kaɗa gindi. Na ga idon dillali yana komawa kan wata 'yar allura a gabansa, ya duba hanya, ya duba allura. Gumi ya keto masa. Na ce: "Mi allurar ke ce maka?" Ya ce: "Gaishe ki take, Hajiya." Maƙwabciyata ta tuntsire da dariya a baya. Ni ban yi ba.

Gaskiya zan faɗa, ko da ba ta yi mini kyau ba: addu'a nake ta tsaya. Duk kwarin da muka shiga sai in ce a raina, nan ne. Ta yi kuka, ta yi wari, a wata hawa ta yi kamar za ta mutu har autana ya kai hannu ga ƙofa zai fita ya tura, na ce: "Ka taɓa ta, magana ta ƙare." Ya mai da hannunsa. Ta ja, ta ja, ta haye. Rana ba ta kai tsaka ba sai ga bukkokin rugar.

Ta kai mu. Da ƙafarta ta kai mu.

Bafillacen ya fito da sandarsa a kafaɗa, tsoho ne kamata, mun saba da tsiya tun muna da haƙora, irin wasan da ke tsakaninsu da mu Arawa. Ya zagaya motar ya ce: "Kai! Yau bayina Arawa sun zo a jirgi. Baiwata, wa kika sata?"

Na ce: "Kai da ba ka taɓa wanka ba, matsa kada ka ɓata musu fenti. Kawo mini jar."

Ya dube ni, ya dubi mutanen da na zo da su, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce: "Jar?"

Na ce: "Ita. Na yi magana."

Ya tafi ya koro ta. Ta san ni. Ta zo ta sa hancinta cikin tafina, hannun da ya tono baƙin man nan da safe, ta yi huci ta kau da kai. Na shafa farin goshin. Dillali har ya fara zagaya ta yana taɓa cinya, yana buɗe mata baki, yana ɗaga wutsiya. Na ce masa: "A'a, kai kana dubawa? Ba ka ji tsoron Allah?" Ba wanda ya yi dariya, sai Bafillacen, shi ma don bai san zancen ba.

Autana ya matso ya ce a hankali: "Inna, in ba ki so, a bari."

Na ce: "Yanzu? Ni ba na mai da magana. Na ce in ta kai mu taku ce, ta kai mu. Amma maraƙar ba ta cikin ciniki." Na juya ga Bafillacen na ce: "Ka ji da kunnenka. 'Yar nan ba mai kwance ta sai ka ji daga bakina, ni da kaina, ba saƙo ba, ba waya ba. Ko wa ya zo, ko daga cikina ya fito."

Ya ce: "Na ji."

Aka sa wa jar igiya, ɗan Bafillacen zai kora ta kasuwa ranar da take ci. Da aka raba su maraƙar ta fara kuka, uwar na amsawa daga nesa. Suka sauke buhunan hatsin, na ce a bar wa mai kiwo. Autana ya buɗe mini ƙofar gaba ya ce: "Inna, shiga mu tafi, rana na yi."

Na ce: "Ku tafi."

"Inna, a nan za mu bar ki?"

"Kun sami abin da kuka zo nema. Ku tafi."

Ya roƙa, abokinsa ya roƙa, maƙwabciyata ta ce in dubi Allah in dubi gwiwoyina. Na zauna a kan turmin matar Bafillacen na juya musu baya. Da suka gaji suka shiga, na ji injin ya tashi, na ji kukansa yana nisa cikin yashi.

Kwana huɗu na yi a rugar. Maraƙar ba ta yarda da kowa ba, ni nake jiƙa mata dussa ina ba ta da hannu, har ta fara ci. Rana ta biyar na hau amalanken masu zuwa kasuwa na koma gida.

Motar tana nan, damina uku ke nan. Tana ɗiga. Bakanike ya san ta kamar 'yarsa, wata ba ya ƙarewa bai gan ta ba. Ta kai matar autana likita a haihuwa ta gaba, ta kai ni gaisuwar mutuwa sau biyu, don ba zan ce ban taɓa shiga ba. Ko an cuce mu a cinikin ko ba a cuce mu ba, har gobe ban sani ba.

Autana yana zuwa duk Juma'a. Ya kawo sukari, ya kawo atamfa, ya kawo maganin gwiwa. Na gaya masa sau ɗaya, ban sake ba: abin da ka faɗa mini a tsakar gida ka faɗe shi, gaban mutane, a can za ka janye shi, gaban su. Ya ce to. Sukarin dai yake kawowa.